Rayuwar mai yawo da dabul bes da kayan da yake ja

Ƙanena sannu, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce shekara shida kana kaɗa bes jita a Jos wajen bukukuwa da otal-otal, yanzu Allah ya yi ka samu karatu a Landan zaka taho watan Satumba, kuma ranka ya daɗe yana kan dabul bes, wato babban gogen nan da ake kaɗawa a tsaye. Kana so ka san me da me zaka saya, yaya rayuwar mai yawo da shi wajen wasa take, sannan ko gara ka nemi guda a Legas ka taho da abinka. To ni shekarata 16 kenan ina jan wannan abu a garin nan, da shi nake biyan haya, bari in faɗa maka abin da na sani tsakani da Allah.

Ta ƙarshen zan fara amsawa don ita tafi sauƙi, kar ka taho da shi. Wanda yawancinmu muke riƙewa, wanda ake ce wa uku bisa huɗu, tsawonsa ya kai wajen santimita 180, nauyinsa kilo 10 zuwa 12, kuma in ka saka shi a akwatin da ake shiga jirgi da shi nauyin ya ninka har ya wuce, kamfanonin jirgi da yawa ma ba zasu karɓa ba, waɗanda zasu karɓa kuma kuɗin da zasu caje ka ya kusa kuɗin hayar wani na wata da watanni. Mu kanmu in zamu je wasa Jamus ko Faransa ta jirgi ba ma ɗauka, masu gayyata ne suke hayar wani su ajiye mana, mu dai mu tafi da baka da ɗan kayan sauti a jaka. A nan na hannu suna nan birjik, kuma akwai shagunan da suke ba da haya wata-wata, da haya nake so ka fara.

Sai wata magana da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka tun kana gida. Bizar ɗalibi ta Ingila ba ta yarda ka yi aikin kanka ba, kuma ba ta yarda a biya ka a matsayin mai nishaɗantarwa ba, sai dai ɗan sassauci da aka yi wa masu karatun kiɗa a jami'a in wasan yana cikin karatun nasu. Mu kuwa kusan duk aikinmu aikin kai ne. Saboda haka kar wani ya ruɗe ka da cewa zo ka kaɗa mana a ba ka a hannu ba wanda zai sani, karatunka ya fi fam ɗari ɗin nan daraja. Ka ɗauki shekarun karatun nan a matsayin lokacin koyo, wanda dama kana buƙatarsa sosai, don wallahi hannunka na bes jita ba zai ɗauke ka kai tsaye ba.

Abin da zai taimake ka shi ne ɗaurin tsirkiyar iri ɗaya ne, E A D G, kuma kunnenka ya riga ya san aikin bes a cikin ban. Amma nan babu layukan ƙarfen nan na wuyan jita da suke nuna maka inda zaka danna, allo ne baƙi sumul, in yatsanka ya goce da kaɗan kowa a ɗakin zai ji. Tsawon tsirkiyar da take kaɗawa ya haura santimita 100, na bes jita kuwa wajen 86 ne, shi ya sa a ƙasan wuya ba a sa yatsa ɗaya a kowane gurbi, yatsu uku ake aiki da su, manuni da na tsakiya da ƙaramin, shi kuma na zobe yana dafa wa ƙaramin baya. Hannun dama kuma da gefen manuni ake ja, da tsokar gaba ɗaya, nauyin hannu ne yake saukowa tun daga kafaɗa. Sati biyun farko zaka yi bororo, wani har da jini a ciki, kar ka fasa shi, kar kuma ka ci gaba da ja, ka huta kwana biyu ya bushe, a hankali kanta zata fito. Kuma don Allah ka nemi malami ko da darasi biyar ne na farko, saboda tsayuwa da riƙo. Na san mutane biyu da suka koya da kansu daga bidiyo suna matse wuyan da babban yatsa kamar zasu shaƙe shi, dukkansu sai da jijiyar hannu ta zaunar da su wata da watanni.

Ka sayi baka tun ranar farko ko da jaz kawai kake son kaɗawa. In ka ja da yatsa sautin yana mutuwa da wuri yana rufa maka asiri, baka kuwa tana riƙe sautin ta tona inda ka kauce. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge a gida ya san yadda yake shafa ƙaro a izga kafin ya fara, to mu ma haka ne, sai dai namu ƙaron ya fi danƙo. Pop's nake amfani da shi, amma ka riƙa ajiye shi a tsaye da murfinsa, in ya ji zafi narkewa yake ya malale a aljihun jaka. Bakar kabon ta ishe ka, ba ta tsoron zafi ko sanyi, kuma ba ruwanka da tambayoyin kwastan da ake wa masu tsofaffin baka na itacen fernambuko na Brazil ko masu hauren giwa a baki.

Shi kansa bes ɗin iri uku ne. Akwai na filawud, akwai wanda aka sassaƙa daga gundarin itace, akwai kuma ruwa biyu, fuskar sassaƙe sauran jikin filawud. Na sassaƙe ya fi zurfin murya musamman da baka, masu kiɗan okestra shi suke riƙewa, tsofaffin na Italiya da Jamus kuɗinsu ya kai na gida. Amma mai yawo mashaya yau gobe ɗakin biki jibi tanti a gona, filawud ko ruwa biyu ne abokinsa, don yana jure bugu da canjin yanayi. Kamfanin Kay na Shikago ya fara yin na filawud a 1937 kuma har yau akwai su a hannun mutane suna zuwa aiki da su kullum. Nawa na yawo ruwa biyu ne, na hannu na saya, gefunansa duk sun goge saboda kwantarwa a ƙasa. Abin da nake roƙonka kar ka yi shi ne sayen sabon nan mai ƙyalli mai arha a intanet, itacen bai bushe ba, allon yatsun fenti aka shafa masa ya yi baƙi, shekara ɗaya wuya ya fara lanƙwasa, mai gyara ma in ya gani zai ce maka gyaran ya fi kuɗin abin.

Kuma duk wanda ka saya ka ware kuɗin mai gyara a gefe. Nan ne mutane suke kuskure, su zuba komai a amfilifaya su bar ainihin abin yana wahalar da su. Mai gyara zai fere allon yatsu ya daidaita, ya gyara jakin da tsirkiya take hawa ƙafafunsa su zauna daram a fuskar, ya saka masa ƴan tayoyin nan biyu da ake murzawa a ɗaga ko a sauke tsirkiya. Ni a ƙarshen allo G ɗina wajen milimita 6 take sama, E kuma wajen 9. Bes mai matsakaicin kuɗi da ya ji hannun gwani ya fi mai tsada da aka ciro daga kwali, wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Tsirkiya zata ba ka mamaki wajen tsada, saiti ɗaya na Spirocore na kamfanin Thomastik da ke Biyana ya haura fam 200. Sai dai tana shekaru, ta kan nawa yanzu shekararta huɗu kuma sai yanzu ma take daɗi, don in tana sabuwa tana da wani ƙarar ƙarfe kamar kwano sai ta yi makonni kafin ta kwanta. Masu son taushi da duhun sauti suna sa Evah Pirazzi na Pirastro, masu son irin muryar tsofaffin faifai kuma suna sa ta hanji, ita kuma kullum cikin ɗauri kake don ba ta zama wuri ɗaya. Kai fara da Spirocore mara kauri ka tausaya wa hannunka. In zaka canja, ɗaya bayan ɗaya, kar ka kuskura ka kwance duka lokaci guda. A cikin cikin bes ɗin akwai wani ɗan turke na itace a tsaye tsakanin fuska da baya, ba gam a jikinsa, matsin tsirkiya ne kawai yake riƙe da shi. A shekarata ta biyu na kwance duka huɗun da daddare ina son in goge allon da kyau, sai na ji ƙwal a ciki, abu yana gangarawa. Washegari ina da wasa. Da sassafe na kai wa mai gyara, ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta ramin gaba ya tsayar da shi cikin minti ashirin, ya ce da na ɗaure tsirkiyar a haka ba turken da fuskar ta iya tsagewa. Ya kuma nuna min in riƙa goga bakin fensir a ramukan jaki kafin in ɗora tsirkiya don ta riƙa zamewa kar ta ja jakin gaba, har yau ina yi.

Yanzu maganar a ji ka. Matsalar nan tsohuwa ce, ita ta sa da Leo Fender ya fito da bes na lantarki a 1951 mutane suka yi ta komawa can, har manyan ban na hailaif na Legas da Akara da suka fara da na tsaye daga baya suka ajiye shi. Mu da muka zauna a kansa fikof muke sawa, wato ƴar na'urar da take ɗaukar rawar itacen ta aika wa amfilifaya. Nawa Realist ne na David Gage, wani siririn falle da ake sawa ƙarƙashin ƙafar jaki, wasu kuma Full Circle na Fishman suke so wanda yake zama a madadin tayar jakin. Ga abin da ba kowa zai gaya maka ba, irin wannan fikof yana son mashiga mai juriya sosai, megaom ɗaya ko fiye a ma'aunin juriyar lantarki, in ka cusa shi kai tsaye a miksar masu sauti zaka ji bes ɗinka ya koma siriri yana magana ta hanci, ka ɗauka fikof ɗin ne ba kyau alhali ɗan firiyam kawai yake buƙata a tsakani, wato ƙaramin akwatin da yake gyara sautin fikof kafin ya shiga miksa. Ka nemi firiyam mai maɓallin yanke ƙasan sauti. E ɗinmu, wadda ta fi kowacce ƙasa, tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, wato haz 41, kuma bes ɗin kansa katon akwati ne mai rami, in dandamalin katako ne mai kogo a ƙasa sai sautin ya dawo cikinsa ya fara gurnani ba tsayawa, kana murza maɓallin nan kaɗan sai ka ji wurin ya washe. Kar ka ajiye amfilifaya daidai bayan bes ɗin, sa shi a gefe, in da hali a kan kujera. Maik ɗin DPA 4099 da ake maƙalawa ya fi kowane fikof fito da muryar itacen, amma in mai ganga yana da nauyin hannu duk ƙarar kwanukan ƙarfen da yake bugawa zata shigo ciki, shi ya sa sai a wasan natsuwa nake sa shi.

Amfilifaya kuwa ƙa'idata ɗaya ce, in ba zan iya ɗaukarsa da hannu ɗaya ina tura bes da ɗayan ba, bana saye. Shekara da shekaru ƴan jaz ƙaramin Gallien-Krueger MB150 suke ja, yanzu akwai Markbass da Phil Jones da wasunsu marasa nauyi. Ka riga ka san harkar amfilifaya daga bes jita, ba sai na tsawaita ba.

Abin da yafi kowane ɗayan waɗannan canja min rayuwa taya ce. A gindin bes akwai ƙafar ƙarfe da ake zarowa ya tsaya a kai, to ana cire ta a sa taya mai iska a ramin, ka jingina wuyan a kafaɗa ka riƙa turawa a gabanka. Kafin in saya goya shi nake, na yi shekara guda ina fama da ciwon baya. Da taya da jaka mai kaurin soso mai hannaye da yawa kana iya ratsa garin nan. Sai dai sai ka san tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa kamar tafin hannunka, wacce ke da lif, wacce sai matakala, kuma tsakanin biyar zuwa bakwai na yamma kar ma ka gwada, gara ka fita da wuri ka je ka zauna. A kan matakala mai tafiya ka kula da kan bes ɗin da rufin sama. A mota kuma ana kwantar da kujerar gaba a zura shi, ka tabbata nauyin yana kan jiki, wuyan kar ya ɗauki komai, don karayar wuya ita ce raunin da masu gyara suka fi gani.

Bari in ba ka Asabar ɗin da ta wuce ka ga yadda ranar take. Biki ne a wani gidan gona wajen gari, tafiyar awa biyu. Ƙarfe goma na goge baƙar kwat da farar riga, sha ɗaya na loda mota, na biya na ɗauki mai fiyano. Mun isa ɗaya da rabi, aka ce mu shiga ta ƙofar kicin, na ratsa da bes tsakanin masu yanka albasa da tiren kofuna ina ta ba da haƙuri, sannan tsakuwa da ciyawa har tanti, tayar ma ta ƙi tafiya sai ɗauka na yi. Muka haɗa kaya muka gwada sauti minti goma. Daga nan jira. Jawaban dangi suka ja, wasan da aka ce uku sai biyar saura muka fara. A wannan jiran na samu lungu bayan tanti na shimfiɗa ƴar sallayar da take zama a aljihun jakar bes na yi la'asar, na ci abin da na taho da shi daga gida don ba kullum abincin da ake ba ƴan ban yake zama wanda zan iya ci ba. Mun yi zubi uku na minti 45, ba takarda, mai waƙa ta juyo ta faɗi suna da kii, wato matakin sautin da za a ɗauki waƙar, kawai mu shiga. A hutun tsakani na kwantar da bes a gefensa, jakin yana kallon bango, na mayar da ƙafar ƙarfen ciki, domin a wajen biki kullum akwai yaro mai gudu ko wanda ya sha ya zo yana son ya taɓa. Kar ka taɓa jingina shi a kujera ko bango ka tafi. Na shigo gida ɗaya da rabi na dare. Awa goma sha huɗu da rabi kenan daga loda mota a kan kiɗan da bai kai awa biyu da rabi ba, kuma duk da haka akwai wani wuri a zubi na biyu da ni da mai ganga muka haɗu cif, itacen yana rawa a ƙirjina, tsofaffi suka taso suka cika fili, wallahi ban ji gajiyar ranar ba sai da na kwanta.

Kuɗin kuwa ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Wasan kulob na jaz shi ne mai daɗi kuma shi ne mai ƙaramin kuɗi, bukukuwa da taron kamfanoni su ne masu biyan haya, sai koyarwa ranakun Talata da Laraba, sai rikodin jefi-jefi, sai tsaya wa wani in ya samu uzuri. Rani da Disamba aiki har ka ƙi wani, Janairu da Fabrairu waya shiru, kuma 31 ga Janairu ne ranar ƙarshe ta biyan haraji ga masu aikin kansu, in baka ware tun rani ba zaka ji jiki. Akwai wani dillalin wasa da ya riƙe min kuɗin biki uku har wata huɗu, tun daga nan bana fita sai an rubuta kuɗi da ranar biya ko da a saƙon waya ne. In lokacinka ya yi ka shiga ƙungiyar mawaƙa ta Musicians' Union, suna bin irin wannan bashi, suna ba da inshorar da wuraren biki suke tambaya, kuma a tsarin farashinsu akwai kuɗin dako na musamman ga masu manyan kaya irin namu. Shi ma bes ɗin ka yi masa inshora tasa daban.

Yanayi ma sai ka sa ido. Kai ɗan Jos ne ka san yadda hunturu yake tsaga ƙofar katako da leɓe, to a nan hitar ɗaki ce hunturunmu. Itacen yana son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60, in ya bushe sai ya tsuke, tsirkiya ta sauka tana zizar a allo, da rani kuma ta hau, amfanin ƴan tayoyin jakin kenan. In ka ji wata zizar da ba ka san daga ina ba ka bi gefen jikin kana ƙwanƙwasawa da yatsa, inda ya yi sautin kogo haɗin ne ya buɗe. Kar ka sa masa gam ɗin kafinta ko sufa gulu, da gangan ake haɗa shi da gam ɗin fata mai sakewa don haɗin ya buɗe maimakon itacen ya tsage, mai gyara zai mayar a sauƙaƙe. Kar ka kwana da shi kusa da hita, kar kuma ka bar shi a mota.

A aljihun jakata kullum akwai kebul biyu, batir na firiyam, abin auna ɗaurin tsirkiya, fensir, tsumma na goge tsirkiya bayan wasa, tsofaffin G da D ko wata ta tsinke, robar da ke hana ƙafar ƙarfe zamewa a tayil, da abin toshe kunne saboda tsayuwa kusa da kwanukan mai ganga.

Game da samun aiki, ka san Ron Carter, shahararren mai dabul bes na jaz, ya shiga kundin Guinness a 2015 da rikodin 2,221, kuma in ka saurare shi yawancin abin da yake yi riƙe lokaci ne da zaɓen sautin da zai sa na gaba ya ji daɗin hawa. Mu ma a ƙaramin matakinmu haka ne, a shekara 16 ba wanda ya taɓa kirana saboda gudun yatsa, ana kirana ne don na iso kafin lokaci, na san waƙoƙin a ka a kowane kii, sautina bai kauce ba, kuma ban cika wa mai waƙa kunne ba. Masu dabul bes ba su da yawa kamar masu jita, in aka san ka da waɗannan waya zata yi ta shigowa. In ka iso ka riƙa zuwa sauraro a kulob-kulob na jaz irin su Ronnie Scott's a Soho da Vortex a Dalston da 606 a Chelsea, ka tsaya inda zaka ga hannun mai bes. A daren da ake buɗe fili kowa ya hau yawanci akwai bes ɗin gida, ka gaida mai shi ka nemi izini kafin ka taɓa, kar ka murza masa komai. Ka kuma nemi Tomorrow's Warriors, wani shirin koyar da matasa jaz wanda Gary Crosby, shi ma mai dabul bes ne, suka kafa da Janine Irons a 1991, matasa da yawa ta nan suka fito.

Kafin Satumba ga aikin da zan ba ka da jitar da ke hannunka. Ka koma danna gurbi biyar na farko da yatsu ukun nan da na faɗa, ka kunna metronom a hankali kana tafiya sauti huɗu a kowane zagaye kan salon kiɗan bulus mai zagaye 12 a kii F da B filat, kullum rabin awa, kana rera abin da kake kaɗawa da baki. In ka sauka ka huta ka yi min magana mu je shagon haya tare, zan gwada maka guda uku ko huɗu ka tsaya daga nesa ka ji, sannan kai ma ka riƙe mu ga wanda ya dace da tsawonka.